Kafin Jan Fenti Ya Hau Katanga: Jagora Kan Haƙƙin Gida da Diyya a Ƙofar Guga

Ba don mota aka yi tsohon birnin Katsina ba. Lungunan Sulluɓawa da Masanawa da na kewayen Ƙofar Guga an bar su ne daidai wucewar jaki da kayansa, ko mahayi da dokinsa. Shi ya sa duk ranar da gwamnati ta tashi faɗaɗa titi a cikin ganuwa, babu wani fili da ke zaune yana jira. Zauren wani za a ci, ko shagon wani, ko ɗakin da wata tsohuwa ta tsufa a cikinsa. An ga haka a aikin titin Ƙofar Guga zuwa Sulluɓawa da Masanawa a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka sake gani a na Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Guga a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa. A wajen gari kuma, layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 ya ratsa gonakin mutane har Jibiya.

Babu mai gardama a kan amfanin titi. Ko Sayyidina Umar da zai faɗaɗa Masallacin Harami sai da ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma aka rushe, aka ajiye musu kuɗinsu a baitulmali har suka zo suka karɓa. Abin da ke gabanmu shi ne yadda mai gida zai fita daga irin wannan aiki da haƙƙinsa cikakke. Kuma yawancin abin da zai samu ko ya rasa ana yanke shi tun buldoza ba ta iso ba, a takardun da ya adana da kuma ranar da ma'aikata suka zo awo.

Ƙasar ta wace ce?

Mutum yakan bugi ƙirji ya ce, "Gidan nan kakan kakana ya kafa shi." Gaskiyarsa. Amma doka ta raba tsakanin ginin da ƙasar da yake kai. Tun kafin zuwan Turawa ƙasa amana ce a hannun sarki, ana samun wurin zama ta hannun mai unguwa da hakimi, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi ya rubuta a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasa. Turawa suka ɗora a kan wannan da shelar 1910, wadda ta sa ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon gwamna. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta tsarin a 1962. Sai a ranar 29 ga Maris, 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa, wadda kusan tsarin Arewa ne aka shimfiɗa wa Nijeriya baki ɗaya.

Sashe na 1 na wannan doka ya damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana don amfanin 'yan Nijeriya. Ƙasar birni, irin ta Ƙofar Guga, gwamna ke kula da ita kai tsaye. Ta karkara kuma ƙaramar hukuma. Abin da kai kake da shi haƙƙin zama ne da amfani. Haƙƙi ne mai ƙarfi: ana gadonsa, ana sayar da shi, ana jinginar da shi, kotu tana kare shi. Amma gwamna na iya soke shi idan buƙatar jama'a ta taso. Dokar tana daram domin an cusa ta cikin Kundin Tsarin Mulki, a sashe na 315, ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara kundin kansa. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan garin nan, ya kafa kwamitin gyaran tsarin mallakar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma nemi majalisa ta gyara dokar, amma har Allah ya yi masa rasuwa gyaran bai tabbata ba.

Kundin bai bar talaka haka nan ba. Sashe na 43 ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar kadara a ko'ina cikin Nijeriya. Sashe na 44 ya hana karɓe kadarar mutum da ƙarfi sai bisa dokar da ta tanadi biyan diyya ba da jinkiri ba, ta kuma bar masa hanyar zuwa kotu a kan haƙƙinsa da yawan diyyar. Wannan sashe na 44 ya kamata kowane mai gida ya san lambarsa.

"Ai ba mu da satifiket"

Wannan maganar ita ke karya gwiwar mutanen cikin gari, har su karɓi duk abin da aka miƙa musu suna godiya. Kuskure ne. Sashe na 34 na dokar 1978 ya ce duk wanda ke riƙe da ginannen wuri a birni kafin dokar ta fito, zai ci gaba da riƙonsa tamkar gwamna ne ya ba shi izini. Ke nan gidan gado da ke tsaye tun zamanin Sarki Dikko ko Sarki Usman Nagogo yana da haƙƙi a doka ko da ba a taɓa yi masa takardar shaidar mallaka ba, wato wadda ake kira C of O. Ita takardar shaida ce kawai, ba ita ke haifar da haƙƙin ba. Kotun Ƙoli ta bayyana haka a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990: idan aka ba mutum takarda a kan filin da wani ya riga shi haƙƙi, takardar ba ta tsinana masa komai.

Sai dai wanda ba shi da takarda, nauyin kawo hujja yana wuyansa, kuma dattawan da suka san iyakoki ƙarewa suke yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana zaune lafiya, ka tattara duk abin da ke nuna alaƙarka da gidan: takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa, takardar rabon gado daga kotun shari'a, tsofaffin rasit na haraji, na ruwa da na lantarki, izinin gini idan akwai. Ka samu wasiƙar shaida daga mai unguwa, ta bi ta ofishin Magajin Gari, hakimin cikin birni. Ka yi hoton kowace takarda, ka ajiye kwafi a wani gidan daban da kuma cikin waya. Idan da hali, ka je ma'aikatar filaye ko hukumar KATGIS ka nemi a yi safiyo a ba ka takardar mallaka, wadda galibi ta shekara 99 ce ga gidan zama. Akwai kashe kuɗi da zirga-zirga a ciki, ba a ɓoye wannan. Amma gidan da ke da lamba a taswirar gwamnati da wuya a ce ba a san da shi ba.

Wanda ya sayi gida mai satifiket kuma, ya kula da sashe na 22: sayarwa ko jinginarwa na buƙatar amincewar gwamna. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta ce wannan sharaɗi ya hau har kan masu tsohon riƙo na kafin 1978. Mutane da yawa sukan biya kuɗi, su biya la'adar dillali, su karɓi takarda da sunan tsohon mai gida, su sa a akwati. Ranar diyya sunan da ke cikin fayil shi za a kira. Idan ya rasu, da 'ya'yansa za ka yi, kuma ba lallai ne duk su san da cinikin ba.

Sanarwa

Jan fenti a bango ba sanarwa ba ce a doka. Haka shelar rediyo, haka taron da aka kira a ƙofar fada. Duk suna da amfani, kuma ka halarci taron, domin a nan ake jin faɗin titin da ranar fara ƙidaya. Amma sashe na 28 ya ce soke haƙƙi sai da takarda mai sa hannun jami'in da gwamna ya ba izini, a kuma isar da ita ga mai haƙƙin. Sashe na 44 na dokar 1978, ba na Kundin ba, ya faɗi hanyoyin isarwa: a ba shi hannu da hannu, ko a bari a gidansa, ko a aika ta gidan waya da rajista; idan kuma an bincika an kasa gano sunansa ko inda yake, a ba wani da ke gidan ko a manna a inda kowa zai gani. Haƙƙinka bai faɗi ba sai ranar da sanarwar ta same ka, ko ranar da aka ambata a cikinta idan tana gaba.

Idan ta zo, kada ka ƙi karɓa don fushi, ƙin karɓa ba ya tsayar da aiki. Ka karɓa, ka rubuta ranar a bayanta, ka duba dalilin da aka bayar. Dalilin dole ya zama na amfanin jama'a: titi, makaranta, asibiti, magudanar ruwa, layin dogo, tsara gari da makamantansu. Idan aikin na gwamnatin tarayya ne, gwamnan jiha ne dai ke sokewa a madadinta. Abin da doka ba ta yarda da shi ba shi ne a karɓe daga hannun Audu a miƙa wa Tanko don kasuwancinsa. Kotun Ƙoli ta rushe irin wannan a shari'ar Ereku a 1974, inda aka karɓi filin mutane a Warri aka ba wani kamfani haya, ta kuma sake jaddadawa a shari'ar Osho a 1991. Amma kada a ruɗi kai: jerin abubuwan da sashe na 51 ya kira amfanin jama'a yana da faɗi ƙwarai, kuma titin da ya ratsa unguwa yana cikinsa ba shakka. A irin wannan, ƙarfinka ya fi amfani a kan diyya, ba a kan hana aikin ba.

Ranar awo

Ita ce ranar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi yi wa sakaci. Ma'aikata sukan zo da tef da fom, su bi gida-gida, rana na dukansu, suna sauri. Abin da suka rubuta a fom ɗin nan shi zai zama kuɗi. Abin da ba su rubuta ba ya tafi.

Domin ka san abin da za ka nuna musu, sai ka san abin da doka ke biya. Sashe na 29 ba ya biyan kuɗin ƙasar kanta yadda take a kasuwa. A kan fili, abin da ya tanada shi ne kwatankwacin kuɗin ƙasa na shekarar, idan ka biya. A kan gini, kuɗin sake gina irinsa, a cire ragin tsufa. A kan amfanin gona da itatuwa, farashin da jami'in gwamnati ya tsara. A ganina nan ne dokar ta fi cutar mutanen cikin birni. Darajar gida a bakin titin Ƙofar Guga rabinta ko fiye a wurin take, kusa da kasuwa, kusa da Babban Masallaci da fada, cikin dangi. Ginin kuwa wataƙila na tubali ne da azara, wanda ragin tsufa zai zaftare. Kuɗin da aka ba mutum sai ya kasa saya masa ko fuloti a bayan gari, balle ya ɗora bulo. Tunda haka dokar take, kada ka bari ko ƙusa ta salwanta a lissafi.

Ka tsaya da kanka, ko ka wakilta babba mai hankali wanda ya san gidan. Kada a bar wa yara ko ɗan haya. Ka sanar da matan gida tun da wuri don a shirya, ma'aikata su shiga har ciki. Sau da yawa saboda kunya ko kulle akan tsaya a zaure a yi ƙiyasi daga waje, alhali ɗakunan da aka fi kashe wa kuɗi suna can ƙurya. A auna kowane ɗaki tsawo da faɗi, kai ma ka riƙe naka tef ɗin ka rubuta. A faɗi irin ginin: ƙasa ne, ko bulo, ko ƙasa da aka yi wa shafen siminti. A faɗi irin rufin, soro ne da azara ko kwano, da sili ko babu. A ƙirga ƙofofi da tagogi, na ƙarfe ne ko na katako. Daɓen siminti ko tayil. Katangar waje da tsawonta. Rijiya da zurfinta, ko burtsatse. Masai da ramin shadda. Wayoyin lantarki, famfo, tankin ruwa, rumfa, turken dabbobi, akurkin kaji. Bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya, bedi ne ko dabino ko mangwaro ko zogale, a kuma nuna wadda ke ba da 'ya'ya domin farashinta ya bambanta da na ƙarama.

Ga mai ginin ƙasa, muhawarar tana kan ragin tsufa. Ginin ƙasa da ake yi wa yaɓe kowace shekara kafin damina ba kango ba ne, kuma azara a yau ba ta da araha, magina na gargajiya ma sun yi ƙaranci. Idan zauren yana da bakan gizo ko zanen bango, ka nuna, ka nemi a rubuta, domin sake yin irinsa aikin gwani ne.

Ka ɗauki hoto da bidiyon komai a ranar, har da lambar da aka rubuta a bangonka. Kafin ka sa hannu ko ka dangwala, a karanta maka fom ɗin da Hausa, ka ɗauki hotonsa. Kada ka sa hannu a takardar da ba a cike ba, ko da wanda ya miƙo ta ɗan unguwarku ne.

Doka ba ta hana ka ɗaukar naka mai ƙiyasin kadara ba, wato ƙwararre mai rajista da zai yi lissafinsa daban ya tsaya maka a gaban na gwamnati. Ya fi sauƙi idan maƙwabta suka haɗu suka ɗauki mutum ɗaya. Ladansa yawanci kaso ne daga diyyar, don haka a yi yarjejeniya a rubuce tun farko. A kula da takardar wakilcin da zai kawo: ta ba shi ikon yin magana da yawunku, amma kuɗi su faɗa asusun mai gida. Duk lokacin da ake rabon diyya akan samu masu yawo da jaka suna cewa sun san wani a sama. Ka nemi ganin shaidar rajistarsa.

Wani abin da ake mantawa shi ne gidan da titi ya ci rabinsa. An biya zaure da ɗaki ɗaya, amma cikin gida ya koma tsirara a bakin hanya, sai an yi sabuwar katanga da sabuwar ƙofa, wataƙila masai ma sai an sake haƙawa. Dokar 1978 ba ta fito fili a kan irin wannan asara ba, haka kuma ba ta ambaci cinikin da mai shago zai rasa ba. Duk da haka ka nemi a sa kuɗin gyaran cikin lissafi. Idan ragowar ba ta zaunuwa, ka rubuta ka nemi a ɗauki gidan duka a biya.

Ka kuma tambayi inda kuɗin aikin ya fito. Idan akwai hannun Bankin Duniya, kamar a shirin ACReSAL da ke aiki a jihohin Arewa, ƙa'idarsu ta fi ta dokarmu sassauci: cikakken kuɗin sake gini ba ragin tsufa, da tallafi ga 'yan haya da masu sana'a, har da waɗanda ba su da takarda. Irin wannan aikin yana da rubutaccen tsarin sake tsugunarwa da kwamitin karɓar koke, kuma kana da damar ganinsu.

Bayan an yi awo, kada ka ƙara ko bulo ɗaya da niyyar ƙara diyya. Ba za a biya ba. Haka wanda ya yi gini a kan magudanar ruwa ko ya ci gefen titi ba da izini ba, hujjarsa mai rauni ce. Wanda kuma aka soke haƙƙinsa saboda ya karya sharuɗɗan takardarsa, doka ba ta yi masa tanadin diyya ba.

Gidan magada

Gidaje da yawa a cikin gari ba a taɓa raba su ba. Kaka ya rasu, 'ya'ya suka ci gaba da zama, su ma wasu suka rasu, jikoki suka taso. Ranar da diyya ta fito sai a rubuta sunan babban wa, kuɗi su faɗa asusunsa, zumunci ya shiga uku. Kuɗin diyyar gidan gado gado ne. 'Yar da ke aure a Funtuwa ko Damagaram tana da rabonta, matar mamaci tana da tumuninta idan akwai 'ya'ya, marayun ɗan'uwan da ya rasu bayan mahaifinsa suna da kason ubansu. Tun kafin biya, magada su je kotun shari'a a tantance su, a naɗa wakili a rubuce, a fitar da kason kowa. Idan wani daga cikinsu ya gina ɗaki da kuɗin aljihunsa, a faɗa a ranar awo a gaban sauran, a rubuta shi daban. Sunan da ke fom kuma ya dace da na asusun banki harafi da harafi. Bambancin Muhammad da Mamman kaɗai ya isa ya riƙe kuɗi watanni.

Idan aka yi tayin fili ko gida a madadin kuɗi, sashe na 33 ya yarda da hakan ga gidan zama. Amma wanda ya karɓa, doka na ɗauka an sallame shi, ba shi da sauran diyya. Ka je ka ga wurin da idonka, ka tambayi ruwa da hanya da makaranta, ka tabbatar takardar da za a ba ka da sunanka take.

Idan lissafi bai yi ba

Ka fara da takardar koke zuwa ga kwamishinan filaye, ka haɗa da hotuna da naka lissafin, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Sashe na 30 ya ce saɓani a kan yawan diyya ana kai shi gaban Kwamitin Amfani da Ƙasa da Rabon Filaye na jiha. Koken unguwa guda, da mai unguwa a gaba, ya fi na mutum ɗaya nauyi. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba a biyan ko kwabo.

Wani zai ce maka kotu ba ta da hurumi a kan yawan diyya. Lallai sashe na 47 ya faɗi haka, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta taɓa yanke cewa wannan ya ci karo da Kundin Tsarin Mulki. Ƙarar ƙasar birni a Babbar Kotun Jiha ake shigar da ita, ba a kotun shari'a ba. Ka ga lauya da wuri, domin ƙarar hukuma tana da wa'adi, kuma neman umarnin dakatar da rusau yana da ma'ana ne kawai idan ginin na tsaye. Idan za ka karɓi abin da aka bayar alhali kana da ja, lauya ya duba takardar sallamar tukuna. Galibi a cikinta akwai layin da ke cewa ka gamsu, ba ka da sauran magana. Dokar ta kuma tanadi ƙarin kuɗin ruwa idan aka jinkirta biya. Wannan ka tambayi malaminka kafin ka nema ko ka bari.

Bayan an biya, ka nemi wa'adin tashi a rubuce, da izinin kwashe kayan gininka. Azara da kwano da ƙofofi suna da kuɗi, kuma rushewa da hannunka ya fi barin buldoza ta niƙe su. Idan akwai ɗan haya, a mayar masa da ragowar kuɗinsa. Idan gidan na jingine a banki, a sanar da su. Ragowar filin kuma iyakarsa ta canza, don haka a sake safiyo a gyara takarda. Kafin ka ɗora shaguna a sabuwar fuskar da titi ya buɗe maka, ka karɓi izinin gini daga hukumar tsara birane, ka ja baya daidai tazarar da suka ce, domin ginin da ya shiga hurumin titi idan aka zo rushe shi babu diyya.